Nababa da Kwamfutar Lauwali Mai Hoto

Ƙanena Nababa da hanci yake gyaran kwamfuta. Ba wasa nake ba. Ka kai masa wadda ta ƙi tashi, kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya juya bayanta, ya kai hanci daidai ramukan fanka, ya rufe ido ya shaƙa kamar mai sayen daddawa. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa sai ya ce hancinsa ya fi mita saurin gaya masa abin da ya ƙone.

Tun muna ƙauyenmu a ƙasar Gwashi haka yake. Yana ɗan shekara goma ya kwance rediyon Baba ya baje kayan cikinta a tabarma, Inna ta biyo shi da muciya har bakin rijiya. Ita ce kuma daga baya ta sayar da akuyarta ta tura shi Sakkwato koyon gyara, tana cewa tunda hannun ba ya zama lafiya, gara ya ɓata kayan wasu. Da ya gama ya kama ɗan shago a Gummi, yana gyara, yana buga wa mutane takardu da tasa kwamfutar. Bai yi arziki ba, bai kuma roƙi kowa ba. Mutum ne mai shiru har ya ba ka haushi.

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna. Bayan ta da shekara biyu 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, muka watse, wasu Gummi, wasu Anka, wasu Bukkuyum. Kabarinta yana can, hanyar kuwa ba ta biyuwa. Hotonta ko ɗaya ba mu da shi, domin da ta hango mai hoto take jan mayafi ta ce, "Mi za a yi da hoton tsohuwa?"

Wata rana na kai wa Nababa abinci shago, yana cikin ci ya tsame hannu ya ce, "Yaya, huskar Inna ta hwara ɓace min. Muryatta ina jin ta, amma in na rumtse ido ba ni ganin ta." Na balbale shi da faɗa, na ce wane irin ɗa ne ke manta fuskar uwarsa. Da na koma gida na gwada, ni ma mayafin kawai na gani. Ban gaya masa ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Bana da damina sai ga Hure, matar marigayi Lauwali mai hoto. Lauwali shi ne ya yi shekara goma sha biyar yana ɗaukar duk wani suna da biki da Sallah na ƙauyenmu, yana zubawa a wata tsohuwar kwamfuta ta tebur. Da aka tashe mu ya gudo da ita Anka, a can ciwo ya ɗauke shi. Hure ta fita takaba ta ɗauro kwamfutar cikin zane ta kawo Gummi, ƙanen mijinta Lirwanu yana biye da ita yana hura hanci. Allah ya sa ina shagon.

Lirwanu haƙar zinariya yake a Bagega. Su masu haƙar, a wajensu labari ya bazu cewa akwai zinariya a cikin kwamfuta, don haka duk wadda ta mutu farfasa ta suke, su niƙe, su wanke kamar yadda suke yi wa dutse. Mutanen da gubar dalma ta niƙan dutse ta taɓa cinye musu yara, amma ba su daddara ba! Har Lirwanu ya shirya da mai injin niƙa. Hure ce ta kafe sai ɗan gari ya duba tukuna.

"Nababa, in ka ce ta mutu, shi ɗauka shi niƙe," in ji ta. "Ni dai ba ni bari a hwasa aikin Lauwali ban ji daga bakinka ba."

Lirwanu ya ce, "Motar Anka na tashi bayan la'asar. Ko kwamfutar ta tashi ko ba ta tashi ba, da ita ni ka komawa."

Nababa ya jona ta ya danna. Shiru, ba fitila, ba motsin fanka. Ya canja wayar wuta, haka dai. Sai ya juya bayanta ya shaƙa, ya ɓata fuska, ya nuna wani ɗan jan maɓalli kusa da inda ake sa waya.

"Wa ya taɓa wanga?"

Lirwanu ya sosa ƙeya. "Ni na tura shi. Na aza shi na makunni. Sai ta yi tas, hayaƙi ya hito."

Nababa ya yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba, abin da ni ba zan iya ba. Tsofaffin kwamfutocin da ake kawowa daga waje suna da wannan maɓalli don daidaita ƙarfin wuta. In aka tura shi ɓangaren ƙaramar wuta, wutarmu ta ninka abin da kwamfutar take jira, sai ta ƙone akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, wanda masu gyara ke ce wa pawa. Ya kwance ƙusa huɗu ya zaro akwatin, ya lanƙwasa 'yar waya ya haɗa koriyar waya da baƙa a bakin filoginsa don gwaji, ya jona. Fankar ciki ko gezau.

"Pawa ta tahi," ya ce. "Abin da ban sani ba, ko ta tahi da wasu." In wutar ta ratsa har faifan da hotunan suke, shi ke nan.

Ba shi da wata pawa a shago, a Gummi ma ba a samu sai an aika Gusau. Lirwanu ya fara duba rana. Nababa ya juya ya kashe tasa kwamfutar, wadda da ita yake ciyar da gidansa, ya buɗe ta ya ciro tata. Na ce, "Kai, ka haukace? In wagga ta ƙona taka hwa?" Ya sunkuyo kusa da ni ya ce a hankali, "Yaya, Lauwali ya ɗauki sunan Basma. Inna na wurin."

Basma 'yata ce ta fari, a gidan Inna na yi wankan jegonta. Na matsa na ba shi wuri.

Ya ɗaura pawar, ya danna babban filogi a allon ciki har ya ce ƙas, ya bi sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sake dubawa. Ya yi bismilla ya danna. Fanka ta juya. Kwamfutar ta yi 'yar ƙara sau ɗaya, gilashi ya kawo haske. Hure ta fashe da kuka tun kafin a ga komai.

Sai ga ƙauyenmu. Ga tsamiyar bakin masallaci, ga rijiyar da aka kora Nababa, ga mutane sun jeru cikin kayan Sallah, rabinsu yau ba su duniya. Lirwanu ya hango mahaifinsu riƙe da ragon layya, ya sulale ya zauna a ƙasa. Nababa ya miƙa masa ƙonanniyar pawar ya ce, "Ga taka zinariyar, je ka niƙa." Bai karɓa ba, bai kuma sake maganar mota ba.

Lauwali ya jera aikinsa shekara-shekara, kowane taro da sunan mai shi, don haka ba mu sha wuya ba. Muka bi hotunan sunan Basma har muka kai kan wasu uku da ya ɗauki ƙawayena a tsakar gida. Can bayansu, wajen murhu, ga Inna. A na farko ta ba mu baya, ta duƙa kan tukunya da muciyar nan. A na biyu ta miƙe, hannu a ƙugu, da ganin tsayuwar, wani take wa faɗa. A na uku kamar an kira ta, ta fara waiwayowa, ga kunnenta, ga gefen kuncinta da tsagar gado guda biyu.

Nababa ya danna na gaba. Hoton jaririya ne a hannun wanzami. Ya koma baya, ya sake dannawa, jaririyar dai. Muka bincike duk kwamfutar har magariba, Inna ba ta sake fitowa ko'ina ba.

Hure ta bar kwamfutar a shagon. Yanzu mutanen ƙauyenmu daga Anka da Bukkuyum suke zuwa neman nasu, Nababa yana buga musu. Ya manne jan maɓallin da baƙin salatif don kada wani gwani ya sake taɓa shi. In shago ya yi shiru nakan tarar da shi ya buɗe hotunan nan uku yana bin su a jere, ɗaya, biyu, uku. Jiya na tsaya bayansa da kwanon abinci, ban yi masa tsiya ba. Da ya kai na uku sai na ji bakina ya riga nasa.

"Inna, juyo mana."