Kwaɗon da Ya Haɗiyi Iska

Shekarar da aka samo wa Kaka kujerar Makka, saura kwana tara tafiya ta ce ta fasa. Ita ba ta shiga abin da ba ya kaɗa fiffike. Kawu Bukar, makanike ne a Diffa, ya yini yana lallashinta: injin jirgi iska yake zuƙa ta gaba, ya matse ta, a fesa mata mai a cinna wuta, ta fito ta baya da ƙarfi, jirgin ya yi gaba. Kaka dai tsinkar tattasanta take, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bayan magariba muka kewaye murhu, mu jikoki, ana jin kukan kwaɗin kogin Komadugu.

“Ga ta nan, sabuwa fil,” in ji ta. “Ku matso, ku masu kunnen ƙashi.”

Wai wani kwaɗo ya so ganin ƙetaren tafki, ga shi ba fiffike. Zalɓe ya yi masa dariya. Kwaɗo ya buɗe baki ya yi ta haɗiyar iska har cikinsa ya zama tulu. Ya ƙanƙance, ya matse ta. Sannan ya haɗiyi barkono bakwai da garwashi guda.

“To, iskar ta ina za ta fita?”

Ƙanwata Falmata ta ce, “Ta baya, Kaka.”

“Ke kika faɗa, ba ni ba, marar kunya.”

Muka kwanta da dariya. Kaka ta kumbura kumatu, ta saki wani gurnani, ta cilla hannu sama: kwaɗo ya wuce zalɓe kamar kibiya. Muka tashi muna tsalle, kowa kumatu a kumbure. Sau uku muka sa ta maimaita, kuma kowane karo sai ta waiga wajen Kawu ta ce, “Haka ne ko, Bukar? Ba ya faɗowa?”

Na daɗe ina zaton don mu ta shirya tatsuniyar. Sai da na girma, na shiga ajin yaƙi da jahilci a tsorace, ina ba ’ya’yana labarin yadda karatu yake da sauƙi, sannan na gane. Kanta take lallashi. Abin da ya fi ƙarfinta ta mayar ɗan ƙarami, daidai wanda za ta iya yi wa dariya.

Washegari da hantsi ta aike ni wajen tela in karɓo mata fararen kayanta na tafiya Makka.