Ranar da Tambarin Gem Ya Kira Sunan Ummi

Jama'a, wallahi ni abin nan ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina tuƙin tasi a Landan, muna zaune a Peckham ni da matata Binta da 'yarmu guda. Sunan mahaifiyata na sa mata, Allah ya jiƙan tsohuwa, ta rasu ana saura wata biyu a haifi yarinyar. Kun san halinmu, wa zai iya kama sunan uwarsa gatsal? Ummi muke ce mata, har yarinya ta shekara huɗu ba ta taɓa jin sunanta na yanka a gidan ba.

Muna zamanmu lafiya, damuwarmu ɗaya, Ummi ba ta magana. Ko "Baba" babu. Likita ya duba ya ce kunnenta ƙalau, Binta kuwa kuka take a ɓoye.

Na sayo wani gem na hannu, 'yar na'urar wasan nan ta yara, a kasuwar Deptford, wai don ita, alhali ni ke bugawa. Idan an kunna, tambarin kamfanin Japan ɗin ne ke fara fitowa, shuɗayen haruffa, haske ya bi ta kansu walƙam, sai wasu muryoyi su rera sunan kamfanin. Nan kaɗai Ummi ke so, yana wucewa za ta ja min riga in sake.

Ran wata Asabar bayan azahar, Binta na guga, na kunna wa Ummi gem ɗin. Haruffa suka fito, hasken ya zo tsakiya ya tsaya cak. Sai murya ɗaya, ta Inna mahaifiyata, da jan muryar nan nata idan tana kiran mutum daga madafi: "Haajaraa!"

Ummi ta juya ta ce, "Na'am."

Innalillahi! Binta ta saki dutsen guga ta ce, "Baban Ummi, ka ji? Wa ya yi recording ɗin muryar Inna?" Na kashe gem ɗin. Na sake kunnawa ya fi sau ashirin, muryoyin Japan ne kawai.

Daga ranar baki ya buɗe, yanzu surutunta har ciwon kai yake sa ni, alhamdulillahi. Amma in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ku da kuka yi wa iyaye takwara, ko ku kun ji nauyi, ku samu wani ya riƙa kiran yaron da sunansa, kada sai mai sunan ta zo da kanta.