Malam Sa'adu, mai kama kifi ya saki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura igiyar takalmi zan fita makaranta da safen nan Nafi'u ya kira ni, ya ce mahaifinsa Malam Sa'adu ya rasu.

Har yanzu ban fita ba. Ina zaune ina ta sake sauraren saƙon muryar da Malam ya turo mini ranar Asabar.

Ku da kuka yi sakandare a Rano a farkon dawowar mulkin farar hula kun san shi. Malamin bayoloji, dogo, mai tsohon keke da farin bokiti a ɗaure a baya. Da ruwan sama ya fara ɗaukewa sai ya kwashe mu zuwa rafin Kahu, wai za mu gaisa da maƙwabta.

Kayan aikinmu tsohon gidan sauro ne da farar roba. Biyu su riƙe bakin gidan sauron, sauran su taka ciyawar gefe su koro kifi. Duk abin da ya shigo a zuba a roba, mu kewaye, Malam ya tsuguna.

"Kada wanda ya taɓa da busasshen hannu. A jiƙa tukuna."

A nan na koyi bambanta tarwaɗa da ƙurungu, na san kawara, na san ƙarfasa tun tana kamar farce. Ba ya gaya maka suna kai tsaye. Sai ka duba gashin bakin, ka duba ƙayar baya, ka faɗa da bakinka. Ranar da minjirya, kifin nan mai lantarki, ta ja ni na yi ihu na zauna daɓas a ruwa, Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗa rafi. Shi ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa mini, ya goyo ni a keke har ƙofar gidanmu.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne ƙarshen aikin. Duk kifin nan, mayar da shi ake yi, kuma daidai inda aka kamo shi. Mu ga yunwa, ga tarwaɗa mai maiƙo tana juyi a roba. Akwai wani dattijon Bafulatani da ke shayar da shanu a wajen, ya daɗe yana kallonmu, ya ce, "Malam, in kai ba ka ci, ai ni ina ci." Malam ya ce, "Baffa, yi haƙuri, tambayarsu kawai muka zo yi." Dattijon ya kaɗa kai ya kora shanunsa.

Sai daga baya muka gane akwai wanda yake nema. Wani ɗan mitsitsin kifi ne da bai kai ɗan yatsa ba, jikinsa shuɗi-shuɗi, wutsiya ja. Ya ce suna yara ɗan'ado suke ce masa, kuma cike yake a kududdufan gefen rafin. Tun da wasu suka fara zuba maganin feshi a ruwa don kifi ya taso, bai ƙara ganinsa ba. Duk fitar da muka yi, da an ɗago gidan sauro shi ne farkon leƙawa. Sai ya ce, "To, wata shekarar."

Har ya yi ritaya bai gan shi ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan Babbar Sallah ce, a zaurensa. Ƙafafu sun kumbura, ba ya iya fita ko masallaci. Na gaya masa ni ma yanzu ina kai ɗalibaina na Zinyau rafi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kabiru, ku riƙa duba inda ruwa ya kwanta. Tsorona kada in tafi a ce ƙarya nake yi, ba a taɓa yin wannan kifi ba."

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Ranar Asabar ɗin nan muka je Kahu ni da ɗalibaina. A wani ɗan kududdufi da shanu suka tattaka gefensa, wanda da ƙyar na yarda mu gwada, muka ɗago gidan sauro sai ga shi. Shuɗi, wutsiya ja. Guda biyu.

Na zuba su a gorar ruwa, na ce yau Malam zai gani da idonsa, Rano ba nisa. Har na kai wajen babur. Na tsaya ina kallonsu a gorar, ina tuna ba mu ga wasu ba sai su biyun nan, ga rana, ga hanya. Na dawo, na ɗauke su hoto, na jiƙa hannuna na sake su.

Na tura wa Nafi'u hoton, zuciyata ba daɗi, ina ganin na hana tsoho abin da ya yi shekaru yana jira.

Can sai ga saƙon murya. Muryar ta yi rauni, amma ta Malam ce.

"Shi ne. Wallahi shi ne, Kabiru. Alhamdulillahi." Sai ya ce, "Kun dai mayar da su ruwa ko?"

Na tura amsa na ce mun mayar, Malam, daidai inda muka kamo su.

Ya ce, "To madalla. Ka iya."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ya Allah, bawanka Sa'adu ya tausaya wa ƙananan halittunka, Ka tausaya masa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ka ba Nafi'u da sauran iyali haƙurin rashi.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa Malam a addu'a. Mu kuma da muka taɓa riƙe masa bakin gidan sauro, kada mu manta da shi a sujada.