Jan Tabo a Farar Rigar Malam

Ko tsufa ya kwashe min tunani kaf, ina jin zai bar min ranar da kashin tsuntsu ya ceci itaciyata daga gatari.

Itaciyar ceri ce, 'yar gajeruwa mai duhun ganye, wadda ake dasawa don ado kuma a sha 'ya'yanta. Ƙanwata da ke aure a Kudu ta kawo min dashenta Haɗeja cikin gwangwani. Shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi ranta, sai itaciyar ta zame min ita ce abin da ya rage.

Na sha wahalarta. Ƙasar gidanmu laka ce mai riƙe ruwa, don haka na tada tudu, na gauraya yashi da takin awaki, na kewaye ta da ƙaya. Da bazara nakan raba ruwan randata da ita. Ta yi kyau, ta cika da furanni, har ƙananan 'ya'ya kore nakan gani. Amma nunanne ko ɗaya ban taɓa tsinka ba. Sai kawai in ga babu su, in ce zubewa suke yi.

Maigidana kuwa, wanda nake kira Malam, wurin yake so ya kafa rumfar shanya shinkafa. Kullum sai ya zolaye ni: "Hajiya, yaya juyarki? Ta ƙoshi?" In yi banza da shi, amma abin yana ci na.

Wata Juma'a da damina na wanke masa farar babbar riga, na shanya kusa da itaciyar. Ya zo ɗauka ya tarar tsuntsaye sun yi mata dabbare-dabbare. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ba ta haihuwa, sai tara min tsuntsaye! Gobe zan sare ta, magana ta ƙare."

Na karɓi rigar hawaye na neman zubowa. Ina dubawa sai na ga tabon ja ne wur, ga 'yar ƙwallo maƙale a ciki. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

"Ke lafiyarki kuwa? An ɓata min riga kina guɗa?"

"Malam, me suka ci ja a gidan nan? Ai haihuwa take yi, ɓarayi ne ke riga mu!"

Ya dube ni, ya dubi rigar. Ya ce ya ba ni zuwa girbin shinkafa. In bai ga ɗan itaciyar a tafin hannunsa ba, kada in ƙara roƙonsa.

Washegari na hau mota zuwa Baturiya wurin yayana, masunci ne. Da na ce ya sam min yankin tsohon taru in rufe itaciya, dariya har da riƙe ciki. "Mu muna jefawa a ruwa, ke za ki jefa a sama!" Ya dai yanko min. Na kafa sanduna, na lulluɓe ta har ƙasa, na danne da duwatsu. Gida ya ɗauki ƙarnin kifi, kyanwoyin unguwa suka mai da mu wurin ziyara. Malam in ya wuce sai ya tambaya ko tarwaɗa ta faɗa.

Ban kula shi ba. Kowace safiya ina leƙawa, tsuntsaye na kan katanga suna zagina da yarensu. Kore ya koma ruwan ɗorawa, sannan wata safiya na ɗaga tarun na ga rassa sun yi jawur. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na yi wa ƙanwata addu'a, sannan na cika kwano fal.

Na dire shi gaban Malam. Ya ɗauki ɗaya, tsami ya sa shi runtse ido. Ya ɗauki na biyu, ya ƙara. Sai da ya kusa raba kwanon ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Rumfar nan, ina ganin bayan gida ya fi samun rana."

Daɗin da na ji ranar, ko kyautar kujerar Makka aka yi min sai haka.

Tun daga nan na daina saurin cewa abu ko mutum ba shi da amfani. Wani yana ta haihuwa ne, ba a dai tsare masa 'ya'yan ba.