Kyaftin a Gindin Murhun Iya

Kakata ta wajen uba, Iya Hansatu, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ganin ƙwallon kwando da idonta ba. Abin da ta sani kawai shi ne a makarantarmu akwai wani wasa da samari ke jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi, wannan kuwa ya ishe ta dariya. Takan ce, "Kwandon da ba ya riƙe abin da aka zuba masa, shi kuke kashe kanku a kai?"

Gidanmu yana wani ƙauye ne a ƙasar Doguwa, duwatsu a bayanmu, gonakin masara da dawa a gabanmu. Tun ina ƙarami, in an ci tuwo an yi sallar isha'i, Iya takan jawo sauran itacen murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta binne rogo a toka, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai rogon ya soma ƙamshi. Tana da wani hali: in yaro ya yi laifi da rana ba ta ce masa kanzil, sai an zauna a gindin wuta ya ji laifinsa a bakin kura ko zomo. Kowa na dariya, shi kaɗai ya san da wa ake. Ni ta fi yi wa haka, don ni ne babban jikanta namiji, wanda take tsokana da sunan Maigida.

Da na shiga kwalejin horon malamai da ke wajen Kiru, cikin shekarun tamanin, sai na ɗauka na wuce tatsuniya. Allah ya ba ni tsawo, malamin wasanni, Malam Yakubu, ya ja ni filin ƙwallon kwando tun ina aji ɗaya. Ina aji huɗu na shiga cikin 'yan wasa biyar da ake fara wasa da su, tare da wasu manya huɗu da muka saba har ba sai mun kalli juna ba kafin a miƙa ƙwallo. Suka gama suka tafi rana ɗaya. Malam Yakubu ya ba ni kyaftin, ya cike guraben da yara 'yan aji biyu da uku.

A zangon farko wasannin share fage ake yi. In an dawo hutu sai a shiga gasar shiyya, inda makarantun yankinmu ke karawa da juna, wadda ta zo ta ɗaya ta wuce Kano. A Kanon ne masu zaɓar 'yan wasan jiha ke zuwa kallo. Shekarata ta ƙarshe ke nan, kuma ba ni da wani buri da ya wuce su gan ni.

Wasa shida muka buga a share fage, ɗaya muka ci. Abin takaicin, kusan kullum mu ke gaba har hutun rabin lokaci, sai a ƙarshe komai ya wargaje. Ni ne tsaron kwando, ni ne kawo ƙwallo, ni ne jefawa. In na gaji na miƙa wa wani, sai ya yar ko ya tsaya yana kallona kamar na ba shi garwashi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ƙara musu atisaye da asuba, na hana su zuwa kasuwar Kwanar Dangora ranar da ake barin ɗalibai su fita. Duk da haka kullum jiya ta fi yau.

Wanda ya fi shan tsawata shi ne Buba, wani ɗan Fulani daga rugar da ke kusa da Tudun Wada. Gajere ne, amma yana da sauri, kuma a atisaye in ba na kusa hannunsa ba ya kuskure. A wasanmu na ƙarshe, da wata makaranta a Tiga, saura kaɗan a tashi, maki ɗaya suka fi mu. Mutum biyu suka rufe ni, na hango Buba shi kaɗai a ƙarƙashin kwando, na wurga masa. Ƙwallon ta bugi tafin hannunsa ta fice waje. Alƙalin wasa ya busa usur ɗin tashi. Ban san lokacin da na isa gaban Buba ba. A gaban 'yan kallo na ce masa ya koma daji wajen shanun ubansa, can ne ya dace da shi. Ya juya ya fita daga filin. Ya cire rigar wasan, ya ninke, ya miƙa wa Malam Yakubu.

Ranar da za a tafi hutu Malam Yakubu ya kira ni ofis. Ya ce, "Sabi'u, Buba ya ce ya bar ƙwallo. In aka dawo babu shi, kai ma ka ajiye kyaftin. A benci za ka fara gasar shiyya, kana kallo."

Na ce, "Malam, in na zauna a benci wa zai ci mana wasa?"

Ya ce, "Da kake ciki, nawa muka ci?"

Da wannan maganar na hau mota zuwa gida. Kwana uku ina kumbure-kumbure, ba na kula kowa. Ana cikin sussukar dawa, Baba ya ce ya lura ina dukan zangarniya kamar ita ta yi mini laifi. A rana ta huɗu Iya na ɓarar gyaɗa a inuwa, ta ce in zo in taya ta. Ba ta tambaye ni komai ba, ni na kwashe labarin duka na zuba mata, ina jiran ta ce an cuce ni. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Maigida, ɓara kake ko murƙushewa? Dubi gyaɗar nan."

Da aka yi isha'i yara suka taru kamar kullum. Ni ina can gefe a kan turmi, na juya baya kamar ba ruwana, sanyi ne kawai ya matso da ni kusa da wuta. Iya ta tona toka ta ce, "Ga wata nan ta taso, wa zai tare ta?"

Yara suka ce, "Mu ne nan, ta iso."

Ta ce wai an yi wani manomi mai shanun huɗa guda biyu, manyan bijimai, kunyar huɗarsu miƙaƙƙiya kamar an ja zare. Wata shekara ɗayan ya mutu, damina kuwa ta kawo kai. Manomi ya kamo wani ɗan maraƙi da bai taɓa ɗaukar karkiya ba, ya haɗa shi da babban. Aka shiga gona. Bijimi ya ja da ƙarfin da ya saba, maraƙi ya kasa bin sa, garma ta karkace, kunya ta fita a lanƙwashe. Bijimi ya waiwaya ya ga aikin, ransa ya ɓaci, ya kai wa maraƙi ƙaho ya ce da shi rago. Suka juyo, ya ƙara ƙarfi don ya gyara, kunyar ta ƙara lanƙwashewa. Maraƙi kuwa tun daga ranar ya daina duban gabansa, ƙahon bijimi kawai yake kallo. In bijimi ya motsa kai sai ya zabura, ƙafarsa ta harɗe.

Iya ta iya muryar bijimin, ta kumbura kumatu tana huci, yara na ta dariya. Ta ce kullum da yamma sai bijimi ya kai ƙara wajen manomi, ya ce shi ke yin aikin duka, shi ke zufa, amma maƙwabta in sun wuce gonar da shi ake yi wa dariya. Manomi ya ce masa ya rage sauri, yaron zai koya. Bijimi ya ce shi ba a haife shi don tafiyar maraƙi ba. Haka damina ta wuce, gonar ba ta yi abin kirki ba. Da kaka manomi ya ce dole ya kai ɗaya kasuwa.

Nan ta tsaya tana juya rogo. "To, wanne ya kai?"

Yara suka haɗa baki suka ce maraƙin.

Ta ce, "Babban ya kai. Ya ce maraƙi baɗi zai girma. Shi kuwa wannan ya gama girmansa, kuma ga abin da ya girma da shi." Ta karkaɗe hannu. "Nan ta tsaya, wanda bai ƙoshi ba ya tafi da ita gida."

Na miƙe na ce, "Wannan tatsuniyar ba ta yi adalci ba, Iya. Bijimin ne ke aiki."

Ta ce, "Au, ashe Maigida na ji? Na ɗauka ka wuce zama da yara."

"Da ya rage sauri ai da ba a gama huɗar ba."

"Da bai rage ba, an gama?"

Yara suka bushe da dariya ba tare da sun san kan zancen ba. Na bar rabona na rogo a wurin na shige ɗaki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohuwar da ba ta taɓa taka makaranta ba ta mayar mini da tambayar Malam Yakubu kusan kalma da kalma.

Sai da hutu ya rage kwana biyu na hau a-kori-kura zuwa Tudun Wada, na ƙarasa rugar su Buba a ƙafa. Ba zan yi ƙarya ba, tsoron benci ne ya kai ni, ba nadama ba. Na tarar da mahaifinsa a kan buzu yana tufka igiya, na durƙusa na gaishe shi. Ya sa aka kawo mini kindirmo. Ya ce, "Kai ne babban nasu? Yaron ya ce ka ce ya dawo wajen shanu. Ai ya dawo, mun ji daɗi." Ya faɗa a hankali, ba faɗa ba fushi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baffa, makaranta na bukatarsa."

Da Buba ya dawo daga mashaya muka zauna a gindin wata ɗorawa. Na yi masa zancen gasar, da makarantun da za mu haɗu da su, da yadda babu mai saurinsa a shiyyar. Na zagaya ko'ina, amma kalmar neman yafiya ta ƙi fita. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, "Zan dawo, Kyaftin. Amma don Malam Yakubu."

Muka shiga gasar shiyya ina cije baki. In yaro ya yar da ƙwallo sai in haɗiye maganar in koma baya, har wani lokaci kaina ya riƙa ciwo. Muka ci wasa biyu na farko, Buba ya soma ɗaga kai yana duban fili maimakon fuskata. Na fara cewa a raina ashe tsohuwa ta yi gaskiya, Kano ta samu. Sai muka faɗi uku a jere. A na ƙarshen, a Bebeji, ni da kaina na zubar da jifa biyu da aka ba ni babu mai tare ni. Muka ƙare na uku. Babu wanda ya zo daga Kano ya gan ni, ranar kuma na yi sallama da gasa.

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. Na rage sauri kamar yadda aka ce, kuma ba mu ci ba, to mene ne amfanin? Shekara biyu bayan na gama, ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Bebeji, na ji labarin yaran nan da na raina sun ci shiyya, an ɗauki Buba a tawagar jiha. Na yi murna, amma murnar da ɗaci a ƙarƙashinta. Da na je gida na tuna wa Iya da bijiminta, na ce ta faɗa mini abin da take nufi. Ta ce ita ba ta tuna wata tatsuniyar bijimi ba, ta yi da yawa, in miƙo mata goronta.

Sai da na girma, aka ba ni hedimasta, aka riƙa turo mini sabbin malamai masu rawar murya a gaban allo, sannan na gane Iya ba ta taɓa yi mini alkawarin cin wasa ba. Ita ba ruwanta da Kano. Abin da ta hango shi ne saurayi mai ƙarfi da ke shirin zama mutumin da na ƙasa da shi ke kallon ƙahonsa, ta so ta tare shi tun bai gama girma ba. Har yau halin bai bar ni duka ba. Nakan ji shi yana tasowa in aiki ya lalace a hannun wani.

Bayan rasuwarta da wasu shekaru na haɗu da Buba a tashar Kwanar Dangora, ya yi ƙiba, yana jan ɗansa a hannu. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Motar da zai hau ta cika, har ya sa ƙafa ɗaya a ciki, na riƙe masa hannu.

Na ce, "Buba, maganar da na faɗa maka a Tiga. Ka yafe mini."

Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Ranar da ka zo ruga na yi ta jiranta har ka tafi. Ka makara, Kyaftin, amma na karɓa."