Hambali Mai Kayan Wasanni

Hambali mutumin Tsafe ne. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Sakkwato, kuma ya haura shekara goma a Doha yana sayar da harsashi. Bai taɓa harbin komai ba. Tun yana gida, in za a yanka kaza, uzuri yake samu ya fita.

Shagon da yake aiki na kafil ɗinsa ne, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijo ɗan ƙasa da ake kira Abu Jasim, wanda ke riƙe da wakilcin wani tsohon kamfanin harsashi na Turai. Masu sayayya 'yan wasan harbi ne da mafarauta masu lasisi. Abin da ke jere a kan kanta kwanso ne fanko na nuni. Masu albarushi suna kulle a wani rumbu, ba sa fita sai da izinin hukuma. Saboda haka aikin Hambali magana ce, kuma ya iya ta.

Ya haddace tarihin kamfanin fiye da na kakanninsa. Wanda ya kafa shi maƙeri ne mai ƙera ƙararrawar wuyan shanu a wani kwari mai sanyi, sai ya lura makiyayan sun fi damuwa da kyarkeci a kan ƙararrawa, ya koma narka dalma yana yin harsashi. Masana'antar ta ƙone sau biyu, abin da Hambali ke cewa ba abin kunya ba ne ga mai sana'ar albarushi. Da aka yi manyan yaƙe-yaƙe ta yi wa sojoji aiki, da aka gama ta koma kan tsuntsaye. Yanzu jikan jikan maƙerin ne ke shugabanta. Daga nan sai kaya: ja na farfasa farantin yumɓu da inji ke cillawa sama, kore na tsuntsu, shuɗi na zomo, ƙanana na harbin takarda, da wasu marasa ƙwaya da ba su da komai sai ƙara. A can ƙarshen kanta akwai dogaye na tagulla, na manyan namun daji.

Hausawan unguwar Al-Sadd, likitocinsu da injiniyoyinsu, suna kiransa Mai Albarushi. Sun koyi cewa in an haɗu a wajen suna, ba a tambayarsa ya aiki sai an riga an ci abinci.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa jin wannan tarihi ba: mahaifiyarsa, Inna Ajaratu. Ita dai ta san ɗanta yana sayar da kayan wasanni. Hambali ya sha bayyana wa matarsa Khairiyya cewa wannan ba ƙarya ba ce, tunda harbin faranti wasa ne, har lambar zinare ake bayarwa. Inna ta fahimci ƙwallo da takalma, shi kuma bai gyara mata ba. Da ta taɓa aiko a sayo wa wani jikanta ƙwallo "daga shagonku", kasuwa ya je ya saya.

Dalili kuwa shi ne ƙanensa Saifuddeen, wanda 'yan bindiga suka harbe a hanyar dawowa daga cin kasuwa. Tun daga lokacin ko bindigar roba ta yara ba ta shiga gidan Inna. Hambali kuma mutum ne da ba ya canza ko gidan haya sai ta sa albarka. Ya tabbata ranar da ta san abin da yake sayarwa za ta janye albarkar, kuma bai san yadda ake zama ba tare da ita ba.

An zauna lafiya a haka har yanar ido ta rufe wa Inna gani, aka kawo ta Doha a yi mata aiki.

Tun a mota daga filin jirgi ta faɗi buƙatarta. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, sai dai ta kira shi da sunan 'yarsa.

"Baban Ikhlas, ba zan koma ba sai na taka wurin neman abincinka na sa masa albarka. Shekara da shekaru ina yi daga nesa."

"To, Inna."

Ya yi tunani, ya samo dabara, ya kai wa Khairiyya a kicin.

"Gobe zan kai ta. Kafin aikin."

"Kafin aikin," in ji Khairiyya. "Wato lokacin da ba ta gani."

"Ban ce haka ba. Na ce gobe."

"Kai da ka yi digiri, wannan ce ta fito?"

Ita ce ta fito. Amma da ya gabatar da ita, Inna ta ce ba ta zo daga Tsafe don ta shafa bango ba, a bari a buɗe mata ido tukuna. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Likitan, wani ɗan Katsina, ya yi wa Hambali barka, ya ce yanzu Inna za ta iya zura zare a allura. Hambali ya yi godiya.

Ranar da za su je, ya riga su isa ya gyara gaban shagon. Ya jero huluna, da tabarau, da abin toshe kunne, da tulin farantan yumɓu ruwan lemo. Inna ta shigo Khairiyya na riƙe da jakarta. Ta ɗauki faranti ɗaya ta juya shi.

"Wannan ai ko miya ba zai riƙe ba."

"Na wasa ne, Inna. Cilla shi ake yi."

"A kama?"

"Wani lokaci yakan fashe."

Da a nan aka tsaya, da an tashi lafiya. Sai dai Hambali ya manta da karamcin Larabawa. Abu Jasim ya ji uwar ma'aikacinsa ta zo, ya bar abin da yake yi ya fito, ya sa aka kawo gahawa da dabino da turaren wuta. A wurinsa babbar baƙuwa ba ta tsayawa a bakin ƙofa. Ya wuce gaba har ƙuryar shagon, ya sa aka ajiye mata kujera a gaban kantar harsasai, inda ake zaunar da manyan mutane.

"Yalla, Hambali," ya ce da Larabci, "faɗa wa ummi tarihin gidan nan. Duka. Ta san wa ta haifa."

Hambali ya dubi Khairiyya. Khairiyya ta dubi dabino.

Ya fara. Bai taɓa ba da tarihin da Hausa ba, kuma ya ga a Hausa ya fi gajarta. Ya faɗi maƙeri da ƙararrawa da gobara biyu. Ya tsallake yaƙi. Ya faɗi ja, ya faɗi kore, ya faɗi shuɗi, ya daɗe a kan marasa ƙwaya. Abu Jasim yana gyaɗa kai, ko da yake ba ya jin kalma ɗaya.

Inna ba ta kalli masu launi ba. Da sabon idonta ta nuna ƙarshen kanta.

"Miƙo mini wancan."

Ya miƙo mata dogon na tagulla. Ta riƙe shi a tafin hannu.

"Irin wannan yara suka tsinto a wurin da aka harbe ƙanenka. Sun kawo mini a leda."

"Ba namu ba ne, Inna. Namu na nama ne. Wancan wani kamfani ne, wata ƙasa ce, ko girman ba ɗaya ba ne."

"Ka auna?"

Hambali ya shiga gyara zaman wani kwanso a kan kanta. Inna ta ci gaba.

"Ƙwallon da ka aiko wa yaron nan fa?"

"A kasuwa na saya."

"To. Ya yi ƙarko."

Ta ajiye kwanson a hankali, ta goge hannunta da bakin mayafi. Abu Jasim, da ya ga an yi shiru, ya ɗauka an gama sha'awa ne, ya roƙi ummi ta yi wa shagon addu'a. Kowa ya san abin da ake cewa in an shiga shagon mutum: Allah ya kawo kasuwa. Ko mai wucewa yana faɗa wa mai gyaɗa.

Inna ta ɗaga hannu. Ta yi wa Baban Ikhlas addu'ar lafiya da tsawon rai da gamawa lafiya. Ta yi wa Khairiyya da yara. Ta yi wa Balarabe, saboda gahawarsa. Ta roƙa wa tsuntsaye da zomaye tsari, da duk wani mai rai da ke kan hanya. Sai ta shafa.

"Me ta ce?" in ji Abu Jasim.

"Ta yi addu'a," in ji Hambali.

Suka kama hanyar gida a mota har suka shiga Al-Sadd. A gaban fitilar hanya Hambali ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Inna, in kin ce in bari, khalas, shi ke nan, zan bari."

"Ka bari ku ci me? Ni ban ce ka bari ba. Kai na haifa, kai nake sa wa albarka. Kayan, wanda ya ƙera su ya sa musu."

Ta koma Tsafe bayan ido ya warke. Hambali yana nan a shagon, yana ba da tarihin da Larabci da Turanci, kuma yanzu ba ya tsallake yaƙi. Ranar Juma'a yana kiran Inna, ta yi masa addu'a mai tsawo, ta bi yaran da suna ɗaya bayan ɗaya, ta kai har ga motarsa. In ta zo inda ake roƙon kasuwa sai ta tambaye shi ko ana zafi a Doha. Shi kuma ya ce ana yi.