Agogon da Baba Ya Zana

Mai Agogo ake ce masa, har jikokinsa haka suke kiransa. Shagonsa bai fi ɗakin ajiya girma ba: teburi, fitila, ɗan madubin da yake maƙalawa a ido, sai agoguna a bango, kowanne yana tafiya daidai da ɗan'uwansa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya. Wansa ya rasu ba ya ko gane fuskar matarsa, kuma da ƙananan mantuwa abin ya faro.

Da asibitin koyarwa ya nemi tsofaffi don binciken yadda ƙwaƙwalwa ke tsufa, 'yarsa ta ce su je.

"Ni lafiyata ƙalau."

"Baba, a firji fa na tsinci makullin shago."

"To, ya lalace ne?"

Amma ya bi ta.

Likitar matashiya ce. Ta miƙo masa takarda da fensir, ta ce, "Baba, zana mini fuskar agogo da lambobinsa."

Ya kwashe da dariya. "'Yata, kin san wa kike tambaya kuwa? Tun ba a yaye babanki ba nake buɗe cikin agogo."

Da'irar ta fita sumul. Ya sa sha biyu a sama, ya gangaro da sauran a natse. Da ya ɗaga hannu, sai ga lambobin duk sun cunkushe a dama, hagu fayau. Ya ga sarai ba daidai ba ne. Abin da ya fi tsorata shi shi ne ya rasa ta inda zai gyara.

"Zane ɗaya ba ya yanke hukunci, Baba," in ji likitar. "Da sauran gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa."

'Yarsa dai ƙasa take kallo.

Washegari wani direba, tsohon abokin ciniki, ya kawo agogon hannunsa. Mai Agogo ya buɗe bayansa, ya maƙala madubi, ya ɗauki hantsaki.  Ya daɗe yana kallon ƙananan haƙoran injin agogon, yana tunanin in ya kwance su, wa zai mayar? Sai ya rufe.

"Ka kai wa mai gyaran agogo na bakin tasha."

"Haba Baba, wancan mahaucin? Kai fa ka gyara shi bara!"

"Na ce ka kai masa."

Da direban ya fita, ya tashi ya janyo ƙofar shago, rana tsaka.